Sun Riƙe Kawu Sada

Yaya Mu'azu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Ƙofar Durɓi sai godiya.

Ka ji rasuwar Kawu Sada ta waya, amma akwai saura. Ka tuna labarin da yake ba mu, na Baturen mawaƙin nan da ya bar daula ya tafi taya Girkawa neman 'yanci, zazzaɓi ya kashe shi can? Ashe sawunshi Kawu ya bi. Ya tare a wani ƙauye bayan Batagarawa, wajen waɗanda 'yan bindiga suka koro, yana rubuta kukansu cikin waƙa. Ya roƙe ni mota a kai masu magani, na ce mashi, "Kawu, garejin nan da gumina na gina shi, ba da baiti ba."

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Sai ga ni na fiddo motar da na hana shi, in ɗauko shi a binne kusa da Baba. Na iske har sun rufe shi. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, inda ƙasar mutum ta kira shi, nan ake sa shi. Namu ne."

Haka na dawo. Gobe motar za ta koma da maganin.

Ka sa shi a addu'a, ni ma ka sa ni, don ban samu na nemi gafararshi ba. A gaida Hajiya.

Ƙanenka,
Lawal