Farin da na gani a jikin waken Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana don girman Allah. Ku ɗan matso ku ji abin da ya hana ni zama wuri ɗaya, ku taimake ni da shawara, musamman masu ɗaukar hoto a cikinku.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Malumfashi, ban yi boko mai nisa ba, kuma ba na fita, ni da tsakar gidana ne da wayata. Yayata da ke Funtuwa ta ga yadda nake son ɗaukar hoton kaji da furen kuɓewa, sai ta aiko min da ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a kyamarar waya, wanda suke ce wa makiro. Wallahi ranar da na maƙala shi tuwona sai da ya kama. Ƙwayar riɗi ta koma kamar ƙwai, ƙafar tururuwa har da gashi! Sai dai hoto goma da ƙyar ɗaya ke fita, sauran duk dishi-dishi. A hankali na gane sai na kafa gwiwar hannuna a kan turmi, na riƙe numfashi, na matso kamar zan taɓa abin, kuma hasken safe a bakin ƙofa ya fi filashi, don filashi wanke komai yake ya zama fari fat.

To ga inda matsalar take. Uwar mijina, Inna muke ce mata, tana da wani irin wake da ta taho da shi daga gidansu a Tsiga tun aurenta. A randa take ajiye shi da toka da barkono, ta liƙe bakin da laka. Duk damina mata ke zuwa ta ɗebar musu da hannunta kyauta, suna cewa waken Inna ƙwaro ba ya shigarsa. Wannan maganar ita ce darajarta a unguwa. Bana da ta buɗe randar ta duba, ta ba ni ɗan kwano in ajiye don shukar bayan ɗaki. Ni kuma da rawar kaina na baza shi a faifai ina ɗauka, sai ga ƙwaro ɗaya tak ya leƙo daga rami a jikin ƙwayar waken, hoton ya fita tar, har idonsa. Murna ta hana ni tunani, na sa a sitatus na rubuta "baƙo a waken Innarmu".

Kafin azahar magana ta zaga. A hoton ƙwaron ya kai ɗan akuya, ramin kamar bakin rijiya, mutanenmu kuma ba su san aikin gilashin ne ba. Wata maƙwabciya ta kai wa Inna wayar har ɗaki tana jajanta mata. Inna ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi ashe ta ba ni iri ne in kai ta kasuwa. Tun ranar in na kai mata abinci sai kwanon ya dawo yadda ya tafi, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Maigidana ya ce in je in durƙusa, in ce sharrin waya ne, in kuma jefa gilashin a masai. Na goge hoton, na yarda zan durƙusa, don Inna ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, duk wankan jegona ita ta yi min.

Amma jiya na sake ɗaukar hoton waken da babu rami ko ɗaya, don in nuna wa mutane lafiyarsa lau. Sai na ga wasu fararen ɗigo-ɗigo manne a bayansa, masu ɗan sheƙi. Na hura, ba su tashi ba. Na taɓa jin manoma suna hira a zaure cewa haka ƙwan ƙwaro yake. Amma kuma toka ma fara ce, hoton bai fita sosai ba, tsakiya kawai ke fitowa gefe ya dushe. In ƙwai ne, kafin lokacin shuka randar nan gari za ta koma, irin ya ɓace ke nan, don Inna ba ta sake buɗewa sai ranar rabo, a gaban mata. In kuma toka ce na je na faɗa, na san ni da ita har abada.

Na ɗauka ya fi a ƙirga, na goge gilashin da gefen zani, na canza faifai zuwa baƙin tire, har yanzu ban tabbatar ba. Masu sani, yaya zan yi ɗigon nan ya fito tar in bambance? In kuma ya tabbata ƙwai ne, ku da kuke da surukai, in na durƙusa gabanta gobe, haƙuri kawai zan ba ta in tashi, ko in buɗe baki in ce Inna a fasa randar nan a shanya?