Ranar da Muka Ɗauki Ɗakin Na'ura a Kafaɗa

Tsibirin Kalotta,
Laraba.

Zuwa ga matata Cenning,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Besse da jaririn da aka ce ya ɗebo hancina, Allah ya ba shi haƙurin zama da shi. Ya birnin Makassar? Ya gwiwar taki?

Babu jirgin da zai kawo miki wannan takarda sai iskar yamma ta lafa, amma shekara ashirin da shida ina ba ki labari kullum, baki ya saba.

Wayar ƙarƙashin teku ta tsinke tun Lahadi, shi ya sa kika ji ni shiru. Abin da ya rage mana shi ne na'urar ƙirƙirarriyar basirar nan ta bakin gaɓa, wadda ke sauraron ma'aunan da aka zuba a teku, ta gaya wa masunta ta rediyo inda iska za ta juya. Kin tuna takarda mai shafi uku da na rubuta wa hukuma, ina cewa abin kunya ne a ajiye irin wannan kaya a ɗakin katako kamar buhun kwakwa? Har littattafai biyar na ambata. Tsohon magininmu Ambo Rappe, wanda bai karanta ko ɗaya ba, ya kafe sai irin ginin gidajenmu: ba ƙusa, ba siminti, ginshiƙai a zaune kan duwatsu. Shi aka bi.

To, ga abin da na so ɓoye miki. Ɗanmu Sakka yana teku. Jirage bakwai suka fita kafin iska ta taso, kuma muryar na'urar nan ce kaɗai ke lallaɓo su gida ta tsakanin duwatsun ruwa. Yau da safe igiyar ruwa ta cinye gaɓa har taku goma daga ɗakin.

Ki yi addu'a, taki ta fi tawa saurin isa.

Mijinki,
Daeng Pabeta

Juma'a.

Cenning tawa,

Gaisuwa da fatan kun wuni lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a gajiye nake.

Jiya ruwa ya taɓa dutsen ginshiƙin farko. Injiniya Marlina, wadda ke kula da na'urar, ta ce kwance kayan da sake haɗa su aikin kwana goma ne, ga jirage a hanya suna jiran magana duk bayan minti goma sha biyar. Ambo Rappe ya gama tauna goronsa, ya ce mata, “Yarinya, wa ya ce ki kwance? Shiga ki zauna. Gida ai tafiya yake yi.”

Ta ce, “Ambo, da batura fa ya yi nauyin bauna ashirin.”

Ya ce, “Gidan surukata na ɗaga tana ciki. Wannan wasa ne.”

Sharaɗinta ɗaya. Bututun da ke jawo ruwan teku ne ke sanyaya na'urar. Da an cire shi, minti arba'in gare mu mu kai ta tankin ruwan masallaci da ke kan tudu, in ba haka ba zafi ya kashe ta.

Ana idar da sallar Juma'a liman ya ce kada kowa ya tafi. An riga an zura gorori a ƙarƙashin ɗakin an ɗaure. Mun kai mutum ɗari biyu. Na nemi aikin riƙe agogo, kasancewata malamin makaranta. Ambo ya ce, “Daeng, kawo kafaɗar nan, shekara nawa ba ta ɗauki abin da ya fi alli ba.” Ya cusa ni tsakanin mai gyaran babur da ladan.

Cenning, na sha ganin an ɗauki gida, tun ina yaro nake bin su don cin kunun ayaba. Amma ban taɓa shiga ƙarƙashi ba. Ambo ya hau baranda ya daka tsawa, muka amsa da murya ɗaya, sai ɗakin ya rabu da ƙasa. Ta cikin katako ina jin gurnanin na'urar a ƙashin wuyana, kamar numfashin dabba mai barci. Muna tafe cikin ruwan sama, ƙafa na zamewa a laka, sai na ji ta a saman kaina, cikin natsuwa, tana kiran jirgin Sakka da sunansa: ya karkata hagu, akwai dutse a gabansa. An ce ta san abin da ke cikin littattafan da ba zan gama karantawa ba ko da an ƙara mini rai goma. Ga ta a wuyan masunta da masu hawa kwakwa, in mutum ɗaya ya saki, shi ke nan. Ban san wanda ya fi ba ni tsoron Allah ba, ita ko mu.

A rabin tudu gora ɗaya ta tsage, ɗakin ya karkace. Matan da ke dafa mana abinci suka watsar da ludaya suka shigo ƙarƙashi. Ƙawarki Indo Tang ta ture ni da gwiwar hannu, ta ce, “Matsa, Malam, kana tsaye kamar hoton bango!” Marlina tana ta taga tana ƙirga mana minti. A na talatin da shida muka dire shi a kan duwatsu, aka jona bututu.

Da la'asar teku ta shafe inda ɗakin yake.

Jirage biyar sun shigo. Na Sakka ba ya cikinsu.

Naki,
Daeng Pabeta

Asabar.

Cenning,

Sallama. Lafiyarku dai? Tun kafin ki karanta sauran: ya dawo. Da hantsi suka shigo, shi da ɗaya jirgin, filafilai a yage, mutane cif. Ya rame, ya cinye kifin da kika soya kika bar mini.

Ya ce jiya da rana sun daina ganin komai, har wasu sun fara kalmar shahada. Ashe Marlina ta bar abin magana a buɗe. Tsakanin umarni da umarni, sai suka riƙa jin ihun mutum ɗari biyu a tsakiyar teku, ana ɗagawa ana amsawa. Ba su san abin da ake yi ba, sun dai gane garin ne gaba ɗaya. Ya ce daga nan babu wanda ya sake sakin igiya.

Na tambaye shi ko ya ji muryata. Ya ce, “Sosai, Baba. Kai kaɗai ke cewa a sauke a huta.”

Sannan ya ɗaga rigata ya ga inda gora ta saɓule mini fata. Ya ɗauko man kwakwa ya zauna yana shafa mini, ni kuma na juya fuska wajen taga don kada ya ga idona.

Ki gaida Besse da angon ƙarni. Ki dawo a jirgin farko.

Mijinki mai kewarki,
Daeng Pabeta