Tafasa a Tsakanin Duwatsu

Gammo, Kabo.

Zuwa ga Yayata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara a can Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya. Mu ma lafiya lau, Inna ta warke daga ciwon ƙafar nan.

Yaya, hoton tsakar gidan da kika turo ne ya jawo mini. Fale-falen duwatsu, koriyar ciyawa tana leƙowa ta tsakaninsu, irin inda ake zama a littattafaina. Da kunyata da komai na roƙi Baba ya yi mana irinsa kafin walimar saukata. Har na faɗa wa Zinnira da sauran ƙawayena.

Malam Hambali mai gini ya jera duwatsun tsaf, na dasa ciyawar kiri-kiri a tsakaninsu da hannuna. Sai Baba ya ce shi bai taɓa ganin shukar da ta yi kyau babu taki ba. Ya kwaso ɗanyen kashin awaki da na kaji daga turke, ya cusa a kowace kafa. Ruwan sama ya sauka a kai. Yaya, wari kamar ya tsinka hanji, ga ƙudaje, ga wasu fararen tsutsotsi masu ƙiba suna rarrafe a kan dutsen da na zaɓa don karatu. Yini na yi ban iya cin tuwo ba.

Na daure har kore ya fito. Ashe takin cike yake da irin tafasa da rama. Shekaranjiya na dawo daga makaranta na tarar Gwaggo ta tuge kiri-kirin nan tas ta watsa wa tumaki. Wai ciyawa a tsakar gida abin kunya ne ga 'ya mace, amma tafasar ta bar ta, za ta yi kwaɗo. Garin neman gira an rasa ido.

Walima ranar Asabar ce. Ni ba zan iya buɗe baki a gaban Baba ba. Don Allah ki kira shi ya rufe kafofin da yashi, ya fi jin maganarki. Gwaggo dai ta riga ta ce kwaɗon ne za a ba ƙawayena.

Ki gaida Yaya Mudassir da Raliya da Ahmad.

Ƙanwarki,
Ikilima