Kifin Baba a Hancin Mota

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Anti Hauwa da su Ummi? Inna da Baba suna lafiya, suna gaishe ka.

Kuɗin gyaran motar da Baba ya ce ka aiko, riƙe abinka. Bakanike a Yelwa ya ce zafin da take yi sai an sauke inji. Ranar Juma'a na buɗe gabanta a ƙofar gida. Ka san halin Baba, in ya sayo ɗanyen kifi a Warra ba ya sa shi ciki don ƙarni, sai ya ɗaure shi a hancin mota. To, ɓawon kifi da yauƙi da ƙasa ne suka toshe lagireto, iska ba ta shiga. Na sa tsohon buroshi da ruwa bokiti biyu na wanke tas.

Kafin in gaya mishi, na ce, "Baba, sai haƙuri, motar nan ta mutu." Har ya fara salati, sannan na miƙa mishi makulli. Mun je Shanga mun dawo, ba ta yi zafi ba. Ya ce, "Ja'iri, ashe kanka na aiki."

Yanzu kullum da safe ina duba ruwa, baƙin mai da iskar taya. Kifi kuwa ya koma bayan mota cikin roba, Baba na tuƙi yana toshe hanci.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Anti, ka ce mata gidanmu ya samu injiniya.

Ƙanenka,
Basiru