Littattafaina Goma Sha Huɗu Ake So In Kai Ranar Asabar

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar. Karo na uku ke nan ina rubuta wasiƙar nan. Biyun farko na yage su, don da na sake karantawa sai na ga kamar ina ƙulla wa mutanen da suka yi mini alheri sharri. Wannan ɗin ma ban tabbata ba.

Shekaruna arba'in da ɗaya, iyakar karatuna sakandare. Ina aiki a ɗakin ajiye katin marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti, shekara goma sha shida ke nan. Ɗaki ne mai taga ɗaya, kantoci har rufi, daga ni sai fanka. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu a hanya. Yaranmu biyu suna makarantar kwana. Tun ina budurwa nake rubuta abin da ya same ni kowace rana a littafi, kwanan wata a sama, in ja layi a ƙasa. Yanzu littattafan sun kai goma sha huɗu, suna cikin akwati a ƙarƙashin gado.

Ummanmu ta rasu a farkon shekarar nan, bayan jinyar shekara huɗu a ɗakina. Ranar da za ta rasu, da safe na ba ta ƙwayar magani ta tofar, na sake ba ta ta sake tofarwa, ga shi na makara. Na daka mata tsawa, na ce ta gajiyar da ni, na suri jakata na fita ban waiwaya ba. Kafin tsakar rana aka kira ni a waya. Wannan ita ce maganata ta ƙarshe da uwar da ta haife ni.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wurinmu, Sista Doguwa muke ce mata. Bayan rasuwar ta riƙa shigowa ɗakina lokacin hutu da kofin shayi biyu, ta ja kujera ta zauna tsakanin kantoci. Ita ta gayyace ni wani zama na mata. Ta ce ba addini ba ne, ba siyasa ba ce, ba a karɓar ko sisi. A falon wani gida ake yi, kujerun roba a zagaye. Ranar farko ina shiga mata wajen ashirin suka miƙe tsaye, kowace ta kira sunana, har na yarana sun sani. Suna kiran juna 'yar gida. Daga ranar, ba na tashi da safe ban tarar da saƙonni bakwai ko takwas a wayata ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, huɗu suka zo, suka share mini gida, suka wanke har labule. Dole in faɗi wannan, Anti, don ya faru.

A zama na uku shugabar, wadda ake kira Uwar Zama, ta kama hannuna ta rufe ido. Mace ce mai sanyin murya. Ta ce tana ganin wata safiya a kaina, da ƙwayar magani a ƙasa, da wata kalma da na faɗa wa wadda ta haife ni. Ta ce an yafe mini. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar. Daga ranar na koma yin barci.

Zaman Asabar ya zama Asabar da Laraba, aka ƙara Lahadi. Ƙanwata, autarmu, ta zo sau biyu ba ta same ni ba. Da muka haɗu ta ce, wai na koma rediyo mai tasha ɗaya, in an murɗa Uwa ta ce, in an sake murɗawa Uwa ta ce, ko in nuna mata inda ake cire batirin. Da ne da na yi dariya, amma sai na ji haushi. Na kai maganar zama, Uwa ta ce duk wadda ta fara warkewa sai ta samu masu ja baya a cikin jininta, in huta da Auta na wata guda. Yau kwana ashirin da uku ban ɗauki wayarta ba.

Yanzu na kai matakin da suke kira sauke kaya. Kowace 'yar gida za ta kawo abin da ya fi mata nauyi ta miƙa wa Uwa ta ajiye, sannan a shigar da ita zaman ɗakin ciki. Abin da ake yi a ɗakin ciki ba a faɗa sai ka shiga. Wata ta kawo wasiƙu, wata hotuna. Ni aka ce littattafaina, duka. Na amsa da murna.

To, aikina ne ya bi ni gida. Ba na iya miƙa wa kowa fayil babu lamba. Na zauna ina sa wa shafukan lamba, ina jera abin da ke cikin kowane littafi a takarda, don Uwa ta ji sauƙin dubawa. A littafi na goma sha huɗu, shafi na sittin da ɗaya, na ga na rubuta cewa Sista ta shigo da shayi, na yi kuka, na gaya mata maganar ƙwayar Umma. Wallahi na manta sam. Na buɗa gaba, bayan kwana goma sha tara, ranar da Uwa ta kama hannuna. Can kuma na rubuta cewa ta faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a duniya, har na ja masa layi biyu. Duka rubutun hannuna ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Watan jiya an raba mana takarda, kowace ta rubuta sunan mata uku masu damuwa da abin da ke damunsu, wai kyautar suna. Mutum ɗaya kawai na iya rubutawa, maƙwabciyata, wadda cikinta ya zube sau uku. Na rubuta dalla-dalla yadda nake cika kati. Aka gayyato ta zaman. Asabar ɗin da ta wuce na ga Uwa ta kama hannunta ta rufe ido. Da aka tashi maƙwabciyar ta rungume ni, tana cewa matar nan tana ganin zuciya. Ban gaya mata ni na rubuta ba.

Tun ranar nake juya abin. Wataƙila Sista ba ta faɗa wa Uwa ba. Wataƙila ta faɗa don a taimake ni, to mene ne laifi tunda na samu sauƙi? Wataƙila irin ja bayan da Uwa ta ce zai zo mini ke nan daga cikin raina, don ta ce masu yawan bincike su suka fi wuyar warkewa. Amma a littattafan nan akwai sirrin da Auta ta ba ni amana, akwai wani abu na maigida da ko 'yan'uwansa ba su sani ba, akwai abubuwan da na gani a katin mutane, wasu har da suna. Na riga na ɗaure su da igiya, suna bakin ƙofa. In ban kai ba, na san saƙonnin safe za su tsaya, in koma daga ni sai fanka. Anti, in kai ko kada in kai? Ko dai ni ce mai mugun zato?

'Yar'uwarki mai ajiye kati

*

'Yar'uwa, kada ki kai. Ki kwance igiyar yau, ki mayar da su akwati, ki sa makulli. Wannan na fara faɗa don lokaci ya ƙure, sauran kuma bari mu bi a hankali.

Allah ya jiƙan Umma. Wadda ta yi shekara huɗu tana wanka da wanki da tashin jinya ba a auna ta da tsawar safiya ɗaya. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san irin wannan gajiyar. Sauƙin da kika samu naki ne, ba wanda ya ara miki, kuma ba zai koma ba don kin ƙi miƙa akwati.

Ba na ce matan nan duk 'yan damfara ba ne. Waɗanda suka wanke miki labule mai yiwuwa da zuciya ɗaya suka yi. Sista ma ina kyautata zaton takarda aka ba ta, kamar yadda aka ba ki, ta cika tana ganin alheri take yi. Haka irin waɗannan ƙungiyoyi suke kamu. Ba baƙo suke turowa ba, sai wadda kika yarda da ita. Kuma ba wawaye suke nema ba, sai mai hankalin da wani rashi ya kayar, gida ya yi mata faɗi. A lulluɓe ta da ƙauna fiye da kima tun ba a san ta ba, a nuna mata abin mamaki, a cinye mata ranakun mako ɗaya bayan ɗaya, a sa wa duk mai tambaya suna, har tambayar da ke cikin ranta a ce ciwo ce. Kin jero mini su da kanki.

Da Uwar Zama ta ce Sista ta ba ni labarinki, zo in rarrashe ki, da ban ce komai ba. Amma ta rufe ido ta nuna gani ta yi. A nan ta yaudare ki, kuma kin ga ta maimaita a kan maƙwabciyarki da bayanin da ya fito daga hannunki. Wadda ta yi haka da takarda guda, me za ta yi da littafi goma sha huɗu? Kuma ba duk abin da ke ciki ne naki ba, balle ki bayar. Sirrin Auta nata ne, na maigida nasa ne, na marasa lafiya kuwa in ya fita, aikinki da mutuncinki ne za su bi shi. Duk ranar da kika so barinsu, abin da zai riƙe ki ke nan.

Idan har kina shakka, akwai gwaji mai sauƙi. Ki tura saƙo gajere, ki ce kin gode, littattafanki za su zauna a wurinki, kuma za ki huta da zama na sati uku. Kada ki yi dogon bayani, kada ki yarda a zo gida su da yawa a tattauna. Masu sonki don Allah za su ce to, su ci gaba da gaishe ki. In kuwa aka taso miki da kira ba ƙaƙƙautawa, da kuka, da tsoratarwa cewa za ki koma gidan jiya, ko aka ɗauke miki wuta gaba ɗaya, kin samu amsarki.

Zai yi ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Safiyar za ta yi shiru na ɗan lokaci. Shi ya sa nake so ki kira Auta tun kafin ki tura saƙon. Za ta yi miki tsiya, ki bar ta ta yi, sannan ki gaya mata maganar safiyar nan. Uwarku ɗaya, ta fi kowa cancantar ji. In maigida ya dawo shi ma ki zaunar da shi. In nauyin ya ƙi sauka, ki nemi likita ko mai ba da shawara wanda zai saurare ki ido buɗe.

Saura maƙwabciyarki. Ki shiga wurinta kafin Asabar, ki ce mata ke kika rubuta labarinta kika bayar, ki nemi gafararta. Kada ki ce ta bari, kada ki zagi kowa. Ki ba ta gaskiyar kawai, ta yi hukunci da kanta. Zai fi komai nauyi a bakinki, amma ke kaɗai ke iya yi mata wannan.

Ba mugun zato gare ki ba, 'yar'uwa, kin duba ne kin gani. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya miki, ya bar ki da 'yan'uwanki.