Layin Ɗinki na Uku

Pekalongan,
ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanwata Karsih,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohon da kike jinya a can Taiwan. Allah Ya ƙara miki haƙurin zama da shi, Ya sassauta miki sanyin ƙasar, Ya dawo mana da ke lafiya. Mu nan sai godiya. Ruwan teku ya sake hawowa unguwa a farkon wata har ya shigo mana tsakar ɗaki, amma wannan karon na riga shi, na ɗora keken ɗinkina a kan bulo tun kafin ya iso. Gwiwar tsohuwarmu tana nan yadda kika bar ta, bakinta ma haka. Jiya ta ce miyata ba gishiri, yau ta ce na zuba kamar a bayan gidanmu ake haƙo shi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Yanti 'yar maƙwabta, alhali muna magana ta waya duk mako. Dalili shi ne duk sanda kika kira, Laras tana zaune a gefena, kuma ita ke latsa mini wayar, ni ban iya ɓoye komai a cikinta ba. Da na ji Yanti za ta koma wajen aikinta a can Taiwan jibi, sai na ce gara in rubuta. Maganar kuwa a kan Laras ɗin ce, 'yarki da kika bar mini amana. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Kin san 'yarki. Ba wanda ya taɓa tilasta mata rufe jiki, ita ta ɗauka da kanta tun tana sakandare, kuma ban taɓa ganin yarinyar da ta haɗa sutura da iya kwalliya kamarta ba. Riga har idon sawu, hannu har wuyan hannu, amma ta san launin da ke karɓar fatarta, ta san yadda za ta naɗa mayafi ya zauna mata daram, da ɗan fil mai ƙyalli a kafaɗa. Ragowar yadin batik da masu kawo ɗinki ke bari ba ta kwana a shagona, sai ta mayar da ita bakin hannu ko igiyar jaka. Na tuna ranar da matar mai shagon kifi ta tsokane ta, wai wa zai gan ta a cikin wannan buhu. Laras ta yi dariya ta ce, "Wanda ya ga buhun ya tsaya, ai shi nake nema." Haka take tafiya a lokacin, kai a sama, ana jin dariyarta tun daga bakin layi.

Ranar da saurayinta Danu ya fara fita da ita, shi da ita da ƙawarta, cin miyar soto a bakin dandali, sai da ta zazzage durowa kaf a kan gado. Daga ƙarshe ta ɗauki mayafin nan ruwan ƙwai da kika aiko mata. Ta tsaya gaban madubi tana juyi, ta kira ni da Buden nan tata, wato babbar inna, ta ce, "Bude, tsakaninki da Allah, na yi kyau ko na yi kama da ayaba?" Na ce ta yi kama da ayabar da za a yi rububinta a kasuwa, ta wuce ta ba ni wuri. Ta dawo da yamma fuska kamar an kunna fitila, wai ya ce tun da yake bai taɓa ganin mace mai kamun kai da kyau irinta ba. Shi ma ɗin ba abin kushewa a ido: yana da shagon gyaran waya kusa da kasuwa, ba ya wasa da salla, in ya shigo sai ya rusuna ya sumbaci hannun tsohuwa. Mun san ya taɓa ɗan gajeren aure a Batang, ya ce zama ne ya ƙare, muka ce Allah Ya kyauta gaba.

Mayafin ruwan ƙwan nan ne ya fara tafiya. Danu ya ce wai yana jawo idon maza a hanya. Bayansa fil ɗin kafaɗa ya bi, wai ƙyallinsa kira ne. Sai kwalli, sai duk wata riga mai fure. Ba ya faɗa, Karsih, ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. A hankali yake magana, yana murmushi, sai ka ce nasiha. Yanzu kullum da safe in ta shirya za ta tafi makarantar yaran da take koyarwa, sai ta ɗauki hoton kanta ta tura masa, ta tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa tana jiran amsa. In ya ce ta canja, ta koma ta canja. In bai amsa ba, ba ta fita, ko da za ta makara. Kayanta sun koma baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa, har wani yaro a ajinta ya tambaye ta wa ya rasu a gidansu. Ita da kanta ta ba ni labarin, tana son ta yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa.

Ni kin san ba na iya riƙe magana a ciki. Na ce mata Allah ne Ya ce a rufe jiki, kuma ta rufe tun kafin Danu ya san hanyar gidan nan, to wannan ƙarin dokar a wane littafi ya samo ta. Sai ta ce, "Bude, ke ba za ki gane ba. Kishi ne, so ne ya yi masa yawa." Daga baya ya fara ce mata ta yi ƙiba, wai shi ya sa ko me ta sa sai ya nuna surarta. Laras fa, da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka! Tun daga nan ta rage cin abinci. Shinkafa cokali kaɗan, tempen nan na waken soya da take so ta ture wa tsohuwa, ta ce ta ci a makaranta. Wata safiya na shiga ɗakinta ɗaukar almakashi, na tarar ta juya madubin ya kalli bango. Da na tambaya, ta ce ba ta buƙatarsa, Mas Danu, wato Yaya Danu, shi ke gaya mata in shigarta ta yi.

Duk wannan da na ci gaba da haɗiyewa ina addu'a, ba don rigar anko ba. Watan jiya abokin Danu ya yi aure, kin kuwa san in saurayi da budurwa suka je biki da batik iri ɗaya, gari ya gama sanin inda aka dosa. Laras ta shigo shago da murna, irin wadda na daɗe ban gani a fuskarta ba, ta ce Danu ya kawo mata nata ankon. Na zaci yadi ne. Ashe riga ce ɗinkakkiya, ruwan ƙasa mai duhu da ƙananan zane, irin ta jikinsa sak. Wai an ɗinka wa ƙanwarsa ce ba ta yi mata ba, in ɗan rage ta zauna wa Laras. Na juya cikinta zan fara aiki, sai hannuna ya tsaya. Kin san mu nan in za mu rage riga ba ma yanke yadin, muna naɗe shi a ciki, don wataran mai ita za ta haihu ta yi jiki a sake buɗewa. To wannan an rage ta, an sake ragewa, an kuma ragewa, kowane layi ya fi na baya shigewa ciki. Daga baya aka warware su duka aka mayar da ita yadda take, amma ramin allura ba ya ɓacewa a batik. Layi uku a kowane gefe. Rigar da ba ta yi wa mutum ba, ba a rage ta sau uku. Wata ce ta sa ta, tana sawa tana ramewa. Na auna Laras, awonta ya faɗa daidai kan layi na farko. Na bi ramukan na ɗinka.

Ni ma na je bikin, uwar amarya mai kawo mini ɗinki ce. Muna layin ɗibar abinci sai wata mata mai kimanin shekaruna ta riƙo Laras ta baya ta kira ta Wulan. Da yarinyar ta juyo, matar ta sake ta kamar ta taɓa tukunya mai zafi, ta ba da haƙuri ta wuce. Danu ya yi dariya ya ce tsufa ne, ya kama gwiwar hannun Laras ya ja ta gaba. Na ga yadda ya riƙe ta, na kuma ga ta cije leɓe. Na bi matar har wajen wanke hannu. Sunanta Bu Rukmini, gwaggo ce ga Wulan ɗin, tsohuwar matar Danu, kuma a gabanta aka sayo yadin rigar. Ta ce Wulan yarinya ce mai son kore, kuma da koren aka fara. Ta ce ranar da ubanta ya je ɗauko ta daga gidan Danu, a hannu ya ɗauke ta zuwa mota, don ƙafafunta ba sa iya riƙe ta. Yanzu tana gidan iyayenta, ba ta fita ko ƙofar gida. Kullum da safe sai ta tambayi uwarta ko shigarta ta yi, in an ce ta yi ba ta yarda, ta koma ta canja. Na tambaya ko dukanta yake yi. Matar ta girgiza kai ta ce, "Da duka ne ai da sauƙi, da mun samu abin nuna wa mutane."

Na je wajen Harjo, tunda shi ne baffanta kuma waliyyinta bayan rasuwar ubanta. Ya saurare ni yana busa sigarinsa, sannan ya ce tun da yake bai taɓa jin an kai ƙarar namiji don ya sa mace ta ƙara rufe jiki ba, in koma kan kekena. Laras kuwa da na gaya mata kuka ta yi, ta ce Mas Danu ya riga ya faɗa mata dangin Wulan za su bi shi da sharri. Washegari sai ga shi da kansa da ledar mangwaro, ya gaishe ni gaisuwar da ta fi ta kullum ladabi. Zai tafi ya tsaya a bakin shago yana murmushi ya ce, "Bude, ki riƙa hutawa. Ɗinki yana ɓata ido, har mutum ya fara ganin abin da babu." Mangwaron na ba wa yaran layi.

Ga inda muke. Iyayen Danu za su zo tambaya a ƙarshen watan nan, kuma Harjo ya ce shi ya amince, kalmarki kawai yake jira, don ke kika sha wahalar yarinyar. Ina roƙonki da girman Allah kada ki ba da wannan kalma ta waya. Ki ce sai kin zo, ko da zuwan zai ɗauki lokaci. Hotunan da take tura miki na bara ne. In kun yi magana Lahadi mai zuwa, ki ce ta jingina wayar ta ja da baya ta miƙe tsaye ki gan ta gaba ɗaya, daga nan ba sai na ƙara miki komai ba. Ni maganata ta daina shiga kunnenta, amma har yanzu in aka ambaci sunanki idonta yana kawo ruwa. Mayafinki ruwan ƙwai na tsince shi a buhun tsummokaran da nake goge keke da su. Na wanke, na goge, na sa a ƙasan akwatina, yana jiran mai shi.

Tsohuwa tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da man zafin nan mai wari, ki aiko da kanki. Ban gaya mata komai ba saboda hawan jininta, amma ta fara tambaya me ya sa jikanyarta ba ta waƙa in tana wanka. Yaya Slamet da matarsa Ngatmi suna gaisuwa, haka Tarmuji da yaransa. Ki gaishe mini da Sumiyati da sauran 'yan garinmu da kuke haɗuwa ranar hutu.

Shekaranjiya Laras ta sake kawo mini rigar. Danu yana so su sa ankon ranar tambaya, ta ce kuma ta yi mata yawa, in ƙara ragewa. Na zagaya ta da tef ba na son in duba, na duba. Ta sauka kan layi na biyu. Rigar tana nan rataye a bayan ƙofar shago, na ce mata zaren da ya dace da ita ya ƙare. Ba zan iya yin wannan ƙaryar har ƙarshen wata ba, ƙanwata, kuma layi ɗaya ya rage.

Allah Ya tsare mana ita, Ya tsare ki. Wassalam.

Yayarki,
Wartini