Awa Huɗu da Minti Talatin da Biyar

Alhamis, 5 ga Oktoba

Wasiƙa ta zo da safe. Na ɗauka daga asibiti ne saboda matata Glenys, ashe kamfanin da ke gadin filin ajiye motoci na babban kantin bakin gari ne. Wai ranar Talata, 26 ga Satumba, motata ta wuce awa biyun da suka yarda a yi. Fam ɗari, in na biya cikin mako biyu su rage zuwa sittin, kamar wata alfarma suke yi min.

Har da hotuna biyu daga kyamarar bakin ƙofa. Motata ce, lambata ce, ga hulata ma ana gani. Shiga, ƙarfe goma da minti goma sha biyu. Fita, uku saura minti goma sha uku. Awa huɗu da minti talatin da biyar.

Ni Clifford Haigh, da na shekara talatin da takwas ina jan babbar mota tsakanin Hull da Liverpool, ko fitilar wani ban taɓa fasawa ba. Burodi da madara da kifi na je saya. Wa ke yin awa huɗu a kan burodi? Ɓarayin zaune kawai.

Glenys daga kujerarta: "Cliff, wa ya rubuto?" Na ce masu tallar tagogi ne. Ta ce, "Masu tallar tagogi ne suka sa ka yi tsit haka?" Ciwon suga ya cinye mata idanu, amma kunnuwan matar nan sai dai a yi shiru. Na kai takardar akwatin guduma da ƙusoshi na ɓoye.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Ranar wankin ƙodar Glenys. Litinin, Laraba, Juma'a, mil goma sha ɗaya zuwa, goma sha ɗaya dawowa, shekara uku ke nan ban taɓa makara da ita ba.

Ina zaune a ɗakin jira na ce bari in tuno Talatar nan daki-daki, don in samu abin rubuta musu. Na tuna na ajiye mota kusa da wurin kekunan sayayya. Na tuna na ɗauki kifi. Na tuna ina ƙofar gida ina neman makulli. Tsakanin kifin da ƙofar gida, babu komai. Na sake bi, na sake bi. Babu.

Shayin da na saya a inji ya huce a hannuna ban sha ba.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na je lambu, na samu Norris yana cire albasarsa. Tsohon mai raba wasiƙu ne, fegin lambunsa na jikin nawa, kuma babu abin da bai sani ba in ka ji ta bakinsa. Na nuna masa takardar. Ya yi dariya har da tari.

"Kai tsoho, waɗannan ba 'yan sanda ba ne, ba hukuma ba ne, 'yan kasuwa ne da kyamara. Shiga biyu suka yi maka. Ka je da safe ka fita, ka manta wani abu ka koma da rana. Kyamarar ba ta kama fitarka ta farko ba, wataƙila wata mota ta tare lambar. Sai ta haɗa shigar safe da fitar rana ta ce wuni ka yi. Haka suka yi wa surukata."

Na ce, "To in ban tuna na koma ba fa?"

"Wa ke tuna komawa kanti? Ni jiya ma me na ci ban sani ba."

Allah ya yi wa Norris albarka. Ji na yi kamar an sauke min buhu daga ka. Ya ce kar in biya ko kwabo, in rubuta musu ƙorafi cikin kwana ashirin da takwas. Kuma kar in kuskura in ce ni ke tuƙi, su mai mota kawai suka sani, in riƙa cewa "direban". Ya ba ni albasa shida.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na zazzage aljihunan kwat da na wando, da aljihun mota. Rasit ɗaya na samu. Burodi, madara, kifi, ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya. In na koma da rana, me na saya? Ina rasit ɗin?

Duk da haka na rubuta. "Direban ya zo sau biyu a wannan rana, kyamararku ce ta yi kuskure." Sau uku ina yagawa ina sakewa. Ban taɓa yin ƙarya a takarda ba, kuma abin haushin ban ma san ko ƙarya ce ba.

'Yarmu Bernadette ta bugo waya daga Leeds, yadda take yi kowace Lahadi. Ta gaisa da uwarta, sannan ta ce a ba ni. "Baba, motar lafiya? Kai fa?" Na ce ni da motar duk muna nan ƙalau. Sau biyu bana tana kawo min maganar shekara saba'in da shida da tuƙi. In ta ga takardar nan, shi ke nan, sai likita, sai hukumar lasisi. To wa zai kai Glenys?

Talata, 10 ga Oktoba

Na jefa ƙorafin a akwatin wasiƙu. Ban je wancan kantin ba, na sayi burodi a shagon kwana mai tsada.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na gwada kaina ina wanke kwanuka. Garuruwan hanya daga Hull zuwa Liverpool, a jere, babu wanda ya kuɓuce. Na juyo daga Liverpool, haka nan. Ranar haihuwar jikoki uku. Lambar motata ta farko. Mutumin da kansa ya taɓu ba ya yin wannan.

Sai kifin ya faɗo min a rai. Daskararre na saya. Ranar da na buɗe jakar a kicin ya narke laɓa-laɓa, ruwa ya jiƙa burodin. Na zagi kantin a lokacin. Tafiyar minti goma ba ta narkar da kifi a Satumba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ba na son kallon agogo yanzu. In na duba na ga ya yi gaba fiye da zatona, sai in fara lissafin inda lokacin ya tafi.

Litinin, 23 ga Oktoba

Amsa ta zo. Sun ƙi. Sun ce sun duba hotunan wunin duka, motar ba ta fita a tsakani ba, in ina da shaida in aiko, ko in kai ƙara gaba ga masu sasantawa. Da ladabi suka rubuta, da ma zagi ne da ya fi min sauƙi.

Na kira Norris. Ya ce, "Kullum haka suke cewa, inji ne ke amsawa. Bar su. Je ka ga manajan kantin da rasit ɗinka. Filin nasu ne, waya ɗaya za a buga a soke. Ka sa fuskar tausayi, ka dogara sanda ko ta aro ce." Na ce ni ba na bara. Ya ce, "To biya, mai girman kai."

Talata, 24 ga Oktoba

Zan rubuta yadda ya faru, don kar wannan ma ya tafi.

Na je da ƙarfe goma. Manajar mace ce, Misis Adeyemi, ba ta kai Bernadette shekaru ba. Ta karanta takardar, ta dubi ranar, ta dube ni. Ta ce, "Mista Haigh, ɗan jira ni." Ta shiga wurin shan shayi na cikin kantin, ta fito da wata dattijuwa mai gashi ja da rigar aiki a jiki. Maxine aka rubuta a ƙirjinta.

Tana ganina ta tafa hannu. "Kai, ga Babana mai babbar mota! Ka isa gida lafiya? Wallahi ranar nan ban samu kwanciyar hankali ba."

Ban taɓa ganin fuskarta ba. Na rantse ban taɓa ba.

Ta ce ta fita shan iska ne ta gan ni ina zagaya filin, layi bayan layi, da jaka a hannu. Ta tambaye ni, na ce mata an sace min babbar motata, shuɗiya, da kaya a bayanta, kuma ana jirana a tashar jiragen ruwa. Ta kawo ni ciki ta zaunar. Shayi uku na sha. Ta nemi lambar wani nawa, na ƙi, na ce ofis za su kore ni in suka ji. Za ta kira motar asibiti, na roƙe ta kamar zan yi kuka. "Can sai ka dubi jakarka ka ce, a'a, kifin Glenys! Ka miƙe ka yi min godiya, ka tafi kai tsaye wurin ƙaramar motarka kamar ba kai ba. Na bi ka ina kira, ka riga ka ja."

Shuɗiyar motar nan na rabu da ita shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Misis Adeyemi ta ce, "Ba ka da lafiya ranar, ba za mu bari su ci tararka ba." A gabana ta buga wayar, ko minti biyu ba a yi ba. Na yi nasara ke nan. Maxine ta riƙe hannun rigata. "Baba, ka ga likita kuwa?" Na ce eh. Ta ce, "Ƙarya kake, irin mahaifina ne kai sak."

Na fito na zauna a mota, hannuna a kan makulli na kasa murɗawa. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko a kan ƙanƙara da kaya tan arba'in a baya. Abin da ya tashe ni, tunawa da na yi awa biyun ta kusa cika.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na kai Glenys. Duk hanya ina faɗa wa kaina a zuci, yau Laraba, wannan Glenys ce, asibiti za mu. A babban shataletalen kafin gada tunani ya zo min. In abin ya dawo a nan fa, tana gefena, ita da ba ta ganin ko hanyar buɗe ƙofa?

A dawowa ta ce, "Cliff, ka daina motsa baki, ina jin ka."

Sai ta ci gaba.

"Ranar Talatar nan agogona mai magana ya faɗi sha biyu, ya faɗi ɗaya, ya faɗi biyu. Na ɗauki waya sau huɗu zan kira Bernadette ina ajiyewa. Ka shigo kana zagin kifi."

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "Shekara hamsin da ɗaya da aure, ka taɓa jin abin da ba ka shirya ji ba?" Sai ta lalubo gwiwata ta dafa. Na ce ta cire hannu ina tuƙi. Ba ta cire ba.

Na faɗa mata komai a bakin ƙofar gida, injin a kashe. Har shuɗiyar motar.

Asabar, 28 ga Oktoba

Norris na ta shela a lambu, wai shi ya kayar da kamfanin, wai shiga biyu ce kamar yadda ya faɗa. Na bar shi a haka. Ya ce in saya masa giya, na saya.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Takardar sokewa ta zo, layi uku. Na karanta wa Glenys da ƙarfi. Ta ce, "Madalla, masu tallar tagogi sun yi hankali."

Ta ce ko ni in kira Bernadette ko ita ta kira. Na ce a bar ni in yi tunani. Ta ce in yi tunanin kafin Lahadi.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Bernadette ta zo jiya ta kwana. Ba ta yi faɗa ba, wannan ne ya fi damuna. Ta yi waya da asibiti, wai suna da motar da ke ɗauko masu wankin ƙoda, za su fara zuwa mako mai zuwa, kuma ana barin mai rakiya ya shiga. Ta kuma karɓo min ganin likita ranar Alhamis. Gwiwata dama tana damuna, sai in haɗa duka.

Yau ita ta tuƙa mu, a motata, don tata ba ta da wurin keken marasa lafiya na Glenys. Ba wai na daina ba ne. Ruwa ake yi, kuma yarinyar na bukatar ta san hanya. Tana taka birki a makare, na faɗa mata. Na zauna a baya kusa da Glenys. Ban san akwai coci a bayan gadar nan ba, shekara uku ina wucewa.

Da yamma ta koma Leeds. Makullin motar na cikin jakarta, ina jin mantawa ta yi. Na gani lokacin da take sakawa. Na bar ta ta tafi da shi.